Kilo, mita da lita: amsoshin da na gaji da maimaitawa a shago

Ni yadi da turare nake sayarwa a nan Makka, kuma duk lokacin Umara ko aikin Hajji tambayoyin nan dai su ne, daga baƙi har 'yan uwanmu mazauna, wasu ma a waya cikin dare. To ga su na rubuta, wanda ya sake tambaya wannan zan tura masa.

Giram nawa ne a kilo ɗaya?

1000. Rabin kilo 500, kwata 250.

Santimita nawa ne a mita?

100, kamar yadda halala 100 take riyal ɗaya. Hajiya in kin san riyal 2.50 riyal biyu ne da halala hamsin, to mita 2.50 ma mita biyu ce da santi hamsin, ki daina cewa ke ba ki yi boko ba, kullum kina wannan lissafin a kasuwa ba wanda ya taɓa cutarki.

Wai me ya sa kake ta cewa wannan awon na kilo, mita da lita ya fi sauƙi?

Saboda komai nasa goma-goma ne, kuma mu ma da goma muke ƙirga. Kilo ma'anarsa dubu, ko a giram ko a mita. Santi ɗaya bisa ɗari, mili ɗaya bisa dubu. Shi ke nan fa. Dabino giram 3500 kilo 3.5 ne, ɗigo kawai ka matsar gida uku, ba biro ba kalkuleta. Gwada haka da awon Ingila ka gani, inci 12 ƙafa ɗaya, ƙafa 3 yadi ɗaya, yadi 1760 mil ɗaya, kowanne da nasa lambar sai ka haddace. Dattawanmu sun sha wannan wahalar a kuɗi, kwabo 12 sule, sule 20 fam, har zuwa 1973 da naira ta zo da kobo 100. Faransa ce ta kafa awon mita a doka tun 1795, kuma da gangan suka ɗora shi a kan goma.

Zamzam lita 5 kilo nawa ne?

Kilo 5, sai ɗan nauyin jarkar. Litar ruwa kusan kilo ɗaya ce. Amma don Allah ruwa na ce. Litar zuma ta kai wajen kilo 1.4, man zaitun kuma bai cika kilo ba, wajen giram 900 da ɗoriya. Bara wani Alhaji ya lissafa zumarsa kamar ruwa, a filin jirgin Jidda aka sa shi buɗe jaka gaban jama'a yana fitar da kaya yana gumi, abin bai min daɗi ba wallahi. Ku auna jaka tun a masauki, in tikiti ya ce kilo 23 to 23 ɗin ne.

Telana a Kano ya ce in sayo yadi 10, ku kuma da mita kuke yankawa, nawa zan saya?

Yauwa, wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna. Yadi ɗaya santi 91.44 ne, wato mita ta fi yadi tsawo da kusan santi 8 da rabi. A lissafi yadi 10 mita 9.14 ne, yadi 5 kuma mita 4.57. Amma ni ba na ce wa kowa ya sayi 9.14 cif, domin akwai abubuwa. Na farko faɗi, wani yadin faɗinsa wajen santi 150 ne wani ko 115 bai kai ba, telanka kuma da faɗin da ya saba ɗinkawa ya yi maka lissafi, in ka kai masa mai ƙaramin faɗi tsawon ba zai cece ka ba, babbar riga za ta fito a takure. Na biyu in auduga ce zalla tana iya ɗan shiga bayan wanki, wata sosai wata kaɗan, ya danganta da saƙar. Na uku ba kowane shago ne yake awo iri ɗaya ba, ka tambaya da mita ne ko da yadi kafin a sa almakashi, ka kuma kalli sandar awon da idonka, ba rashin yarda ba ne, haƙƙinka ne. Ni dai abin da nake ce wa mutane, in kuɗi sun isa a sayi mita 9 da rabi, in kuma mutumin dogo ne mai jiki ko ɗinkin mai aiki ne da yawa a cika 10 kawai, ragowar ta yi wa yaro riga. Mafi kyau duka ka kira telan ka faɗa masa faɗin a santimita. Kar ka damu Alhaji, ba kai kaɗai kake rikicewa a nan ba, awon yadin ne ba ya cikin tsarin goma shi ya sa lambar take fitowa da ɓarɓashi.

Tola fa ta turare?

Ita ma ba ta cikin tsarin, awon Indiya ce, giram 11.66 a nauyi. A kasuwa kwalbar mili 12, wato mililita 12, ake kira tola, rabi mili 6, rubu'i mili 3. Ka tambayi mai shago da nauyi yake sayarwa ko da kwalba, musamman in man oud ne mai tsada.

Mililita nawa ne a lita?

Haba Malam, na faɗa a sama. 1000.