Tafiyar Ƙungiya Zuwa Aikin Bishara a Ƙetare: Tambayoyi da Amsoshi

A majami'u da dama na Kaduna, daga Sabon Tasha zuwa Barnawa da Narayi, akan ji zumuntar matasa ko ta mata tana shirin haɗa ƙungiya don kai gudummawa ga wata ikilisiya a ƙetare. Ga tambayoyin da suka fi tasowa idan maganar ta iso gaban dattawa.

Daga ina ya kamata shirin ya fara?

Daga masu masauki. Ƙungiyar da ba a gayyace ta ba takan zama kaya a kan mutanen da ta je taimako, domin su ne za su nemi wurin kwana, su yi tafinta, su kuma amsa tambayoyin hukuma bayan baƙi sun koma gida. Saboda haka a fara samun wasiƙar gayyata wadda ta fayyace aikin da ake bukata, ko koyar da yara ne, ko duba marasa lafiya, ko gini, sannan a zaɓi mutane gwargwadon aikin. A sura ta 13 ta Ayyukan Manzanni, ikilisiyar Antakiya ce ta keɓe Barnaba da Shawulu bayan azumi da addu'a, kuma a sura ta 14 wurinta suka dawo suka ba da rahoto.

Tarihinmu ma ya isa ishara. A 1893 'yan mishan uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da niyyar shigowa ƙasar nan ta Arewa, ba tare da mai tarbarsu ba. Kafin 1894 ta ƙare cuta ta ɗauke Gowans da Kent, kuma sai a 1902 mishan ɗinsu ya kafa tasha a Pategi. Ba mai shakkar himmarsu, amma mu da muke da 'yan'uwa masu jiranmu a can ba mu da dalilin tafiya ido rufe.

Waɗanne takardu ake bukata?

Na farko fasfo, mai shekara 5 ko mai shekara 10, kuma ƙasashe da yawa suna so ya kasance da sauran aƙalla wata 6 kafin wa'adinsa ya cika. Na biyu katin rigakafin cutar shawara, wanda ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka wanda ya bari sai ana gobe tafiya ya makara. A tabbatar sunan kowa iri ɗaya ne a fasfo da tikiti, harafi da harafi.

Za a iya yin wa'azi da bizar yawon buɗe ido?

Wannan ya danganta da dokar ƙasar da za a je, kuma nan ne ya fi kamata a natsu. Indiya tana da biza ta musamman ga masu aikin mishan. Rasha ta kafa doka a 2016 wadda ta taƙaita wa'azi a wajen wuraren ibada da aka yi wa rajista, Nepal kuma ta sanya jan mutum zuwa wani addini cikin laifuffuka a dokar da ta fara aiki a 2018. A ganina, bai dace mai ɗauke da bishara ya rubuta wani dalilin tafiya a takardar biza alhali wani ne a zuciyarsa ba. Idan asiri ya tonu, baƙo korarsa kawai za a yi, amma faston da ya gayyace shi yana nan zaune da iyalinsa, shi zai sha ɗawainiyar.

Yaya tafiyar take daga Kaduna?

Galibi daga filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe a Abuja ake tashi. Ana iya shiga jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, ko a ɗauki bas ɗaya, amma ya fi kyau a isa Abuja tun ana gobe tashi, domin mutum guda da ya makara yana iya jawo wa jama'a asara. Sau da yawa akan sauya jirgi a Addis Ababa ko Alkahira ko Istanbul ko Doha, kuma a irin waɗannan manyan filaye ne tsofaffi da sababbin matafiya suke ɓacewa. A haɗa mutane biyu-biyu, kamar yadda Yesu ya aiki almajiransa a Luka sura ta 10, a kuma ƙirga kawuna a kowace ƙofa.

Me ya kamata a bari a gida?

Kilishi da dambun nama, idan ƙasashen Tarayyar Turai za a shiga, domin an hana matafiyi shiga da nama ko madara. Mai shan magani kullum ya tafi da shi cikin kwalinsa tare da takardar likita. Kada kowa ya karɓi saƙon da bai buɗe ya gani da idonsa ba, ko da daga ɗan ikilisiya ya fito.

Wa zai riƙe kuɗi?

Ma'aji da mataimaki, ba shugaban tafiya ba, kuma a rubuta kowace kashewa. Baikon da gwauraye da masu ƙaramin ƙarfi suka bayar amana ce, dole a karanta lissafinsa a gaban jama'a bayan dawowa. Akwai kuma tambayar da dattawa ya kamata su yi tun farko ba tare da jin nauyi ba: shin kuɗin tikitin mutum 15 ba zai fi amfani ba idan aka tura mutum 4 masu ƙwarewa, aka miƙa ragowar ga masu bishara 'yan ƙasar, waɗanda suka san harshen kuma za su ci gaba da zama a wurin?

Idan wani ya gudu ya ƙi dawowa fa?

Abin yana faruwa, kuma ɓoye shi ba ya magani. Wanda ya sulale yakan ɓata sunan masu gayyata, ya kuma sa ofishin jakadanci ya tsaurara wa ƙungiyar da za ta biyo baya. Don haka a zaɓi waɗanda ikilisiya ta daɗe da saninsu, kowa ya kawo mai tsaya masa, kuma kada a saka sunan baƙo a jerin matafiya don ya biya kuɗi ko don wani babba ya roƙa. Idan duk da haka wani ya ɓace, shugaban tafiya ya sanar da masu masauki da hukumar ƙasar a ranar, ya kuma kira dattawa a gida kafin labarin ya iso Kaduna ta bakin wani.