Me ya sa PostgreSQL ke cewa babu ltree, alhali ga shi a girke?

Wanda ke ajiye bayanai masu rassa a PostgreSQL (manhajar sarrafa rumbun bayanai), kamar ƙasa da jiha da ƙaramar hukuma da mazaɓa, yakan gamu da wannan tangarɗa. Komai lafiya lau a kwamfutarsa. Da ya tura fayil ɗin ƙaura, wato umarnin da ke sauya fasalin rumbun bayanai, zuwa sabar, sai aiki ya tsaya cak da saƙon `type "ltree" does not exist`. Ga tambayoyin da suka fi tasowa.

Shi ltree ɗin mene ne?

Ƙari ne, wato ƙunshin kayan aiki da ake girkawa daban a cikin rumbu, da ke zuwa tare da PostgreSQL, aikin Oleg Bartunov da Teodor Sigaev. Yana ajiye matsayin abu a cikin bishiya a matsayin hanya guda mai ɗige-ɗige, kamar `najeriya.kano.fagge`. Idan kana son duk abin da ke ƙarƙashin Kano, alamar `<@` ta isa, ba sai ka bi uba da ɗa da jika ɗaya bayan ɗaya ba. Tun fitowa ta 13 a 2020 aka sa shi cikin amintattun ƙari, don haka mai izinin `CREATE` a kan rumbun zai iya girka shi ko da ba shi ne babban mai iko ba.

To idan an girka shi, me ya ɓoye shi?

Rumbun bayanai kamar gida ne mai ɗakuna, kowane ɗaki sikima ce. Idan ka girka ltree, kayansa duka, nau'in bayanan da fankshin-fankshin da alamomi, suna shiga ɗaki guda. Idan kuma ka ambaci suna ba ka faɗi ɗakin ba, PostgreSQL ba ya bincike gidan gaba ɗaya. Ɗakunan da ke cikin `search_path` kaɗai yake leƙawa, bi da bi. Na asali shi ne `"$user", public`.

A kwamfutarka wataƙila ltree ya sauka a `public`, shi ya sa ba ka taɓa jin ɗuriyar matsalar ba. Amma a Supabase, kamfanin da ke ba da rumbun PostgreSQL ta intanet, alal misali, al'adar ita ce a ajiye ƙari a sikima mai suna `extensions`. Asusun da kake shiga da shi da hannu yana da ita a jerin `search_path` ɗinsa. Wanda manhajar ƙaura ke shiga da shi ba lalle ba ne. Gida ɗaya ne, amma ba ɗakuna ɗaya suke leƙawa ba.

Akwai wata hanyar ɓuya da ta fi wannan wahalar ganowa. Idan asusun ba shi da izinin `USAGE` a kan sikimar, PostgreSQL zai tsallake ta shiru ko da sunanta na cikin jerin. Ba zai ce an hana ka ba, cewa zai yi abin babu. Na ga an ɓata yini guda a kan wannan, ana ta sake girka abin da yake zaune daram.

Yaya zan tabbatar da wanne ne ya same ni?

Ka shiga da asusun da ƙaurar ke amfani da shi, ba naka ba, ka yi tambaya biyu: `SHOW search_path;` sannan `SELECT extname, extnamespace::regnamespace FROM pg_extension;`. Ta farko ta nuna inda ake dubawa, ta biyu ta nuna inda kayan suke. Idan sun dace kuma har yanzu ba a gani, ka duba `current_schemas(true)`: sikimar da aka tsallake ba za ta fito a ciki ba. Maganinta `GRANT USAGE ON SCHEMA extensions TO ...`, ka sa sunan asusun a ƙarshe.

Ai na sa `CREATE EXTENSION IF NOT EXISTS ltree SCHEMA public` a saman fayil. Bai wadatar ba?

Bai wadatar ba. Sau ɗaya ake girka ƙari a rumbu. Idan yana nan a wata sikimar, umarnin zai ba da sanarwa ya wuce, ba zai matsar da komai ba. Layin ya yi nasara, na bayansa ya faɗi.

Duk da haka kada ka cire layin. Manhajoji irin su Prisma suna gina rumbu na wucin gadi, fanko, su sake bin duk fayilolin ƙaura daga farko. Abin da ka girka da dannawa a allon gudanarwa ba ya cikin wannan rumbun. Sai dai ka rubuta sikimar gaskiya a layin, ta zama iri ɗaya a ko'ina.

Wace gyara ce ta fi ƙarko?

A ganina, cikakken adireshi: `extensions.ltree`, `extensions.nlevel(hanya)`, `extensions.subpath(...)`. Rubutun ya fi tsawo, amma fayil ɗin ƙaura abu ne da wani zai gudanar bayan shekara biyu da asusun da ba ka sani ba, bai kamata ya dogara da sa'a ba.

Sauran hanyoyin suna aiki, kowace da sharaɗinta. `SET LOCAL search_path` na da kyau muddin ƙaurar na cikin dunƙulen aiki guda, tsakanin `BEGIN` da `COMMIT`; amma `CREATE INDEX CONCURRENTLY` ba ya yarda ya shiga dunƙule, don haka a nan ba zai cece ka ba. `SET` zalla yana iya ɓacewa idan PgBouncer, manhajar da ke tsakanin asusunka da rumbun, na rarraba haɗi dunƙule-dunƙule. `ALTER ROLE ... SET search_path` kuwa sai sabon haɗi yake kamawa, kuma yana zaune a wajen fayilolinka, inda ake saurin mantawa da shi.

Na rubuta cikakken suna, sai ga `operator does not exist`. Me kuma?

Nan ne mutane da yawa ke mamaki: alamomi ma 'yan ɗaki ne. `<@` da `@>` da `||` na ltree, har da `=` ɗinsa, duk a sikimar ƙarin suke. Ana kiransu haka: `hanya OPERATOR(extensions.<@) uba`. Ba shi da daɗin karantawa, gaskiya, amma ba ya ɓata.

Akwai inda ko wannan ba ya yiwuwa. `IS DISTINCT FROM` da `NULLIF` suna neman `=` a ɓoye, babu wurin rubuta sikima. Wanda ya sa `OLD.hanya IS DISTINCT FROM NEW.hanya` a sharaɗin tiriga, wato umarnin da ke tashi da kansa idan an sauya layi, zai iya samun kwafin ajiyarsa ya ƙi dawowa. Ka mayar da ɓangarorin biyu `text` kafin kwatantawa, ko ka shigar da gwajin cikin fankshin mai nasa `search_path`. Fihirisar GiST, mai hanzarta bincike, ita ba ta da wannan damuwa: `USING gist (hanya)` na gano abin da take buƙata daga nau'in bayanan.

Me ya haɗa kwafin ajiya da wannan magana?

Tun gyaran tsaro na CVE-2018-1058 a Maris 2018, `pg_dump`, kayan aikin da ke fitar da kwafin ajiya, yana share `search_path` a farkon abin da ya fitar, ya rubuta komai da cikakken suna. Amma cikin fankshin ɗin da ka rubuta, rubutu ne kawai a wurinsa, ba ya taɓawa. Idan dokar `CHECK` ko fihirisa ta kira fankshin da ke cewa `nlevel` kai tsaye, ranar dawo da ajiya za ta fashe, ranar da ka fi kowace buƙatar komai ya tafi daidai. Fitowa ta 17 a 2024 ta ƙara tsaurarawa: `CREATE INDEX` da `REINDEX` da `REFRESH MATERIALIZED VIEW` yanzu suna aiki da taƙaitaccen jerin `search_path`. Saboda haka duk fankshin da ya taɓa ltree, ka ɗaure masa jerinsa da `ALTER FUNCTION ... SET search_path`, ko ka cika sunaye a cikinsa.

Ba sai kawai in mayar da shi `public` in huta ba?

`ALTER EXTENSION ltree SET SCHEMA public` na aiki, ginshiƙai da fihirisa ba za su lalace ba. Fankshin da ya riga ya rubuta `extensions.` shi zai karye. Abin da nake roƙo kada ka yi shi ne `DROP EXTENSION ltree CASCADE` da niyyar sake girkawa: zai tafi da duk ginshiƙin da ke da nau'in ltree, har da bayanan ciki.

Idan ina da tsohon tebur mai `parent_id`, ginshiƙin da ke nuna uban kowane layi, yaya zan cike hanyoyin?

Ƙara ginshiƙin babu `NOT NULL`, cike shi da `WITH RECURSIVE` daga saiwa zuwa rassa, ƙirga layukan da suka rage fanko, domin su ne marayu ko waɗanda suka kewaye kansu, sannan ka gina fihirisa. Ka bar `parent_id` a wurinsa. Ltree ba ya tabbatar da cewa uban yana nan.

Kuma kada ka gina hanyar da sunaye. Gaɓar ltree ba ta karɓar fili ko waƙafin sama, don haka Birnin Kudu da Jama'are ba za su shiga yadda suke ba. Karan ɗori sai a fitowa ta 16 aka halatta shi. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ kuwa sun dogara da saitin harshen rumbun: a saitin C, A zuwa Z da lambobi kawai ake ɗauka a matsayin haruffa, don haka Ɗambatta za ta iya shiga a kwamfutarka ta ƙi shiga a sabar. Yi amfani da lambar layi, `1.20.417`, ka ajiye sunan a ginshiƙinsa daban.