Haramcin Tarayyar Turai kan RT da Sputnik (2022)

Haramcin RT da Sputnik mataki ne da Tarayyar Turai ta ɗauka a ranar 2 ga Maris 2022, kwana shida bayan sojojin Rasha sun kutsa Yukiren, na dakatar da kafofin yaɗa labaran nan biyu mallakar gwamnatin Rasha a dukkan ƙasashen Tarayyar 27. Shugabar Hukumar Tarayyar, Ursula von der Leyen, ita ce ta fara shelar matakin tun ranar 27 ga Fabrairu, tana zarginsu da yaɗa ƙarya don halasta yaƙin.

Dokar ta shafi Sputnik da tashoshin RT biyar: ta Ingilishi, ta Birtaniya, ta Jamusanci, ta Faransanci da ta Sifaniyanci. Ba talabijin kaɗai ta rufe ba. Ta haɗa da tauraron ɗan'adam, kamfanonin intanet, manhajoji da dandalin bidiyo, don haka Facebook da YouTube da TikTok suka toshe shafukan kafofin ga masu amfani a Turai. Birtaniya, wadda ta riga ta fice daga Tarayyar, ta bi tata hanyar: hukumarta mai sa ido kan kafofin yaɗa labarai, Ofcom, ta soke lasisin RT a ranar 18 ga Maris. Har masu kallon DStv a Najeriya abin ya taɓa, domin tashar ta ɓace musu bayan mai rarraba siginar ya daina aiko ta.

Rasha ba ta ɓata lokaci ba. A ranar 4 ga Maris ta kafa dokar ɗaurin da ka iya kai shekara 15 ga wanda ya yaɗa abin da ta kira "labaran ƙarya" game da sojojinta, ta toshe Facebook, daga baya Instagram. Kowane ɓangare dai ya ce ƙarya yake yaƙa da ita, sai dai a Rasha kurkuku ke jiran ɗan jarida, a Turai kuma tasha aka rufe.

Matakin bai tsira daga suka ba a cikin gida. Ƙungiyar 'yan jarida ta Turai ta yi gargaɗin cewa bai kamata 'yan siyasa su riƙa rufe kafofi ba tare da hukumomin sa ido masu zaman kansu ba. RT ta Faransa ta garzaya kotun Tarayyar da ke Luksamburg, amma a ranar 27 ga Yuli 2022 aka kori ƙarar, bisa hujjar cewa matakin na wucin gadi ne kuma ya dace da halin yaƙi.

Inda gizo ke saƙar shi ne aiwatarwa. An rufe ƙofa, farfagandar ta shigo ta taga: shafukan madubi (kwafin shafukan da aka toshe a sabon adireshi), tashoshin Telegram, da shirin nan da ake kira Doppelgänger, mai kwaikwayon shafukan jaridu irin su Der Spiegel da Bild na Jamus yana cusa labaran bogi, wanda ƙungiyar EU DisinfoLab mai bin diddigin labaran ƙarya ta fallasa a Satumbar 2022. A Mayun 2024 Tarayyar ta ƙara wasu kafofi masu alaƙa da Rasha, wato RIA Novosti, Izvestia, Rossiyskaya Gazeta da Voice of Europe cikin jerin waɗanda ta haramta.