Fayil ɗin Majiyyaci

Fayil ɗin majiyyaci, wanda jama'a suka fi sani da katin asibiti, rubutaccen bayani ne na duk abin da ya gudana tsakanin mara lafiya da masu duba shi: ciwon da ya kawo shi, abin da aka gano a jikinsa, sakamakon gwajin jini da hoto, da magungunan da aka ba shi. Kowane rubutu yana ɗauke da rana, lokaci da sa hannun mai rubutun.

Al'adar ta daɗe. Abubakar ar-Razi, likitan da ya yi aiki a Bagadaza ya rasu wajajen 925, ya riƙa rubuta halin majiyyatansa ɗaya bayan ɗaya. Sai a 1907 Henry Plummer na asibitin Mayo a Amurka ya fito da tsarin fayil guda mai lamba guda ga kowane mutum. Kafin nan kowane likita da littafinsa. A 1968 wani likitan Amurka, Lawrence Weed, ya yaɗa tsarin rubutu bisa matsalolin majiyyaci, mai kashi huɗu: abin da mara lafiya ya faɗa, abin da likita ya gani, hukuncin da ya yanke, da matakin da za a ɗauka.

Amfanin fayil ya fi fitowa da dare. An kawo mace mai ciki ba ta san inda kanta yake ba, likitan da ya duba ta da safe ya tashi aiki, 'yan rakiya kuma ba su san komai ba sai kuka. Katin awonta ne zai nuna tana da hawan jini, an taɓa yi mata tiyata a haihuwar baya, kuma jikinta ba ya karɓar fenisilin. Layi ɗaya da aka manta, ko rubutun da ba ya karantuwa, na iya sa a yi mata allurar da za ta cutar da ita.

Fayil kuma shaida ne idan magana ta kai kotu, domin abin da ba a rubuta ba yana da wuyar tabbatarwa. A Najeriya, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa shugaban kowace cibiyar lafiya adana bayanan majiyyata da rufe sirrinsu. Asibitoci da dama sun koma ajiya a kwamfuta, amma inda wutar lantarki ba ta tsayawa, har yanzu takarda ce ke riƙe da aikin.