Mene ne jimillar kuɗin zama ɗalibi a jami'o'in Amurka?

Duk jami'ar Amurka da ɗalibanta ke cin tallafin gwamnatin tarayya tana fitar da wani adadi kowace shekara, wanda ya zarce kuɗin makaranta. Shi ne jimillar kuɗin zama ɗalibi. Dokar ilimi mai zurfi ta 1965 ce ta fayyace abin da ke cikinsa: kuɗin rajista, littattafai, haya, abinci, sufuri da ƙananan buƙatu. Tallafi da bashin karatu, in an haɗa su, ba sa wuce wannan adadi.

Inda lissafin ya fi ciwo shi ne karatun gaba da digiri na ma'aikatan lafiya da ke aiki kafaɗa da kafaɗa da likita. Mai koyon gashin ƙashi yakan yi shekara 3, kuma dole ya yi aƙalla mako 30 cur a asibiti. Mai koyon gyaran furuci sai ya cika awa 400 a ƙarƙashin kulawar ƙwararre. Galibi ko sisi ba a biyan ɗalibi a wannan zaman, alhali kuɗin makaranta na ci gaba da hawa kansa. Tun safe yana tsaye gefen gado, yana tallafar mai shanyewar ɓarin jiki ya ɗaga ƙafa, yamma ta yi ba sauran ƙarfin neman na cefane. In aka tura shi wani gari kuwa, haya biyu ke jiransa. Ga rigakafi, ga inshorar lafiya, ga kuɗin binciken tarihinsa.

Bashin gwamnati na yau da kullum ga irin waɗannan ɗalibai dala 20,500 ne a shekara. A da, shirin Grad PLUS, wani ƙarin bashin gwamnati na ɗaliban gaba da digiri, shi ne ke cike giɓin da ya rage, amma dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta rufe shi ga sababbin masu nema daga 1 ga Yuli, 2026.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda kuɗin nan ke tace waɗanda za su zauna a aji. Wanda gidansu ba za su iya riƙe shi watanni babu albashi ba, tun kafin ya cike takardar nema yake haƙura. A fannin gyaran furuci, mata sun haura kashi 90 cikin 100, mafi yawansu fararen fata, kuma masu aiki da harshe fiye da ɗaya ba su kai ɗaya cikin goma ba. Yaron da Sifaniyanci kaɗai ake yi a gidansu, in harshensa ya nauyaya, sai iyayensa sun sha yawo kafin su sami mai jin yarensa.