Waiwaye: Yadda littafin waya ya rasa kasuwar gwanjo

Masu karatu a Amurka da Turai na ta cacar baki kan tsadar littafin da ake saukewa a waya. Babu kuɗin takarda, babu na dako, amma farashinsa na goga kafaɗa da na bugagge, wani sa'in ma ya ninka kuɗin na hannu. Masu buga littattafai kuma na cewa takarda ai ƙaramin kaso ce, akwai haƙƙin marubuci da ladan mai tacewa.

Rigimar ta daɗe. A 2007 Kindle, na'urar karanta irin waɗannan littattafai, ta fito, mutane suka saba da sayen littafi a dala 9.99. A 2010 kamfanonin buga littattafai suka koma yanka farashi da kansu, sababbi suka kai dala 12.99 zuwa 14.99, har magana ta je kotu. Wannan kam an sha jin sa.

Abin da ake mantawa a Holan ya faru. A 2014 wani kamfani mai suna Tom Kabinet ya buɗe gwanjon littattafan waya: in ka gama karatu ka sayar, ka goge kwafinka. Ƙungiyoyin masu buga littattafai suka kai ƙara. Ranar 19 ga Disamba 2019 Kotun Tarayyar Turai ta ce wannan ciniki ba ya yiwuwa sai da izinin mai haƙƙin mallaka. Hujjarta kuwa ba ta wasa ba ce: bugaggen littafi yana tsufa, bango ya yage, shafi ya sha miya, shi kuwa fayil ko ya bi hannu ɗari yana nan sabo fil, wa zai sayi sabon?

Sai dai daga nan ma'aunin ya karkace. Tun 1908 Kotun Ƙolin Amurka ta ce da zarar an sayar da bugaggen littafi, wanda ya buga shi ba shi da ta cewa kan nawa za a sake sayar da shi. Duk wanda ya taɓa taya littafi a shimfiɗe bakin titi, ko ya karɓi hayar littafin soyayya a Kano, ya san amfanin hakan: sabon bugu yana gasa da kwafin bara, dole farashi ya ji birki. Na waya ba shi da wannan abokin gasa. Mai sayensa izinin karatu kawai ya biya, ba ya iya sayarwa ya mayar da ko rabin kuɗinsa, abin da masu jera farashin biyu kusa da juna ba su cika sakawa a lissafi ba.