Mene ne dantin? Amsar tana bakin ɓera

Duk mai ajiye buhunan masara a Kasuwar Muda Lawal da ke Bauchi ya san aikin haƙorin ɓera. Ya huda buhu, ya gwigwiyi katako, ko wayar lantarki bai bari ba, amma haƙoran ba sa ƙarewa, ba sa dakushewa. Dalilin yana tattare da wani abu da likitocin haƙori ke kira dantin.

Dantin shi ne ainihin jikin haƙori, wanda ke ƙarƙashin farin ɓawon nan mai ƙyalli da ake cewa inamel. Hauren giwayen Yankari kusan dukansa dantin ne. Kimanin kashi 70 cikin 100 na nauyinsa ma'adinin kalsiyam da fosfet ne, kashi 20 furotin ne, galibi zaren kolajin, sauran 10 kuma ruwa. Inamel ya fi shi tauri nesa ba kusa ba, don ma'adininsa ya kai kashi 96.

Sai dai dantin ba da taurinsa yake fitowa ba. Akwai wasu ƙwayoyin halitta, odontobilas, jere a gefen tsokar da ke tsakiyar haƙori. Aikinsu irin na mai daɓen ɗaki ne: yana shimfiɗawa yana ja da baya, abin da ke gabansa ɗanye, na can nesa ya riga ya bushe. Haka su ma suke shimfiɗa zaren kolajin mai laushi suna ja da baya, kowace ta bar siririyar jela a cikin abin da ta shimfiɗa. Ramukan jelar nan ne ke kai maka saƙon zafi idan ka kurɓi ruwan sanyi da zaizayayyen haƙori.

Taurin yana biyowa a baya. Da farko ƙwayoyin suna sakin wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna masu tara kalsiyam da fosfet, ma'adinin ya daskare a ciki, ya girma har ya fasa jakar. Daga baya sai wani furotin, fosfoforin, ya karɓi aikin: ya kamo kalsiyam ya ajiye shi a 'yan gurabun da ke jikin zaren. Taurin kan fara curi-curi, curin su yi ta girma har su haɗe. In jiki ya rasa bitamin D ko fosfet, sai su kasa haɗewa, a bar gurbi mai laushi a tsakani.

To me ya kawo ɓera cikin maganar? Haƙoransa huɗu na gaba ba sa daina tsiro, a babban ɓera sukan ƙaru da milimita 2 zuwa 3 a mako. Don haka in masu bincike suka tsaga haƙori ɗaya a tsaye, sai su ga komai a jere: sabon dantin ɗanye a gindi, cikakke a tsini. Sukan yi wa dabbar allurar tetirasaikilin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, maganin ya manne daidai inda ma'adini ke sauka a ranar, ya bar layi mai haske da za a auna. Wannan halin nasa ne ma ya sa ba a so a ba mai juna biyu ko yaron da bai kai shekara 8 ba, don yana rina haƙori har abada. Ni dai ina ganin masu saye a kemis ba tare da takardar likita ba ya kamata su san wannan.

Shi kuwa kaifin haƙorin ɓera, inamel ɗinsa a fuskar gaba kaɗai yake, ga sinadarin ƙarfe da ke sa shi ja-ja. Baya dantin ne, yana saurin cinyewa, sai baki ya fito kamar gizago. Haka yake ga gafiya da kurege da beguwa. In na sama ya karye, na ƙasa ya rasa abin gogawa, sai ya yi ta tsawo yana lanƙwashewa har cin abinci ya gagari dabbar.